Cokali Biyu na Mai Duk Juma'a

Ranar uku da rasuwar Yaya, bayan la'asar, ga waɗanda ke gidanmu na unguwar Sa'alaba. Akwai ɗansa, haifaffen nan Jidda, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa. Akwai 'yarsa, ita ce ke riƙe da alƙalami yanzu tana rubuta abin da nake faɗa, don ni ban shiga makaranta ba. Akwai mijinta. Akwai ƙanwarmu da ta zo daga unguwar Waziriyya. Akwai limamin masallacin layinmu, da tsohon kafilin Yaya, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama da aiki, wanda aka turo a keken marasa lafiya. Akwai amininsa mai walda, wanda suka ƙetaro teku a jirgi ɗaya daga Sudan suna samari. Sai ni, mai bi masa, wadda ta riƙe masa gida tun da matarsa ta rasu, nawa mijin ma ya bi.

Na sa a rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Saura kaɗan a ɗora masa a ranar nan, a tsakar gidansa, ina tsaye ina ji.

Maza suna kan kujeru a tsakar gida, mu mata muna ɗaki, ƙofa a buɗe. Ni ban zauna ba. Ina bakin ƙofa ina duba wanda bai samu gahawa ba, da wanda ya sha kofi huɗu. Kafilin ne ya fara magana. Ya ce shekara da shekaru Yaya na masa aiki a warsha, wato garejin gyaran mota, ko noti ɗaya bai taɓa ɓata ba. Da ya gama faɗa, aka ba shi ruwa. Liman ya ce famfon masallaci Yaya ne ya gyara bai karɓi komai ba, sai dai tun daga ranar ya hana kowa taɓa famfon, har shi liman ɗin. Ƙanwarmu tana kuka tana share hanci, can sai ta ce da ƙarfi yadda maza za su ji, "Ashe dai ya tafi ya bar baƙon nasa." Gidan makoki ne, amma sai da aka yi dariya. Ni kaɗai ban yi ba.

Baƙon nan inji ne. Yana bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, a kan teburin ƙarfe, kusa da wata tsohuwar ƙaramar mota da aka cire wa nata injin. Daga Japan ya zo ta jirgin ruwa, ya sauka, ya zauna bai koma ba, shi ya sa mutanen layi suke ce masa baƙon da ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Ba irin injin da aka sani ba ne. Yaya ya ce sunansa rotari. Ba shi da fistin masu hawa da sauka. A cikinsa wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku-uku suke zagayawa, a bakin kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke goga bango don kada iska ta zube. Su yake kira haƙora. Ban tambaye shi wannan karatun ba. A kan abinci yake yi mini shi, ko ina so ko ba na so.

Yaya mutum ne mai ƙarancin magana in ba a kan ƙarfe ba. In aka kawo mota, ba ya tambayar mai ita abin da ke damunta. Yakan ce a tayar, ya ɗora bakin sukurdireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Mai motar na ta bayani, shi yana ɗaga masa hannu. "Bari ita ta faɗa," haka yake cewa. Bai taɓa cin abinci da hannun da bai wanke sau uku ba, amma baƙin da ke ƙarƙashin farcensa da shi aka yi masa wanka na ƙarshe. Yana da taurin kai. Ni ma ina da shi, gado ne, shi ya sa muka iya zama gida ɗaya.

Ya ba ni labarin inda abin ya samo asali sau ɗaya tak. Shekararsa ta farko a garin nan, aka kawo mota mai irin injin nan a warshar da yake share-share. Maigidan ya hana shi ko matsowa. Da aka gama aka tayar da ita, ya ce ƙarar ba ta yi kama da ta mota ba, santsi gare ta, tana hawa tana hawa kamar ba za ta tsaya ba. Ya ce, "Na gama rayuwata ina gyaran motocin mutane. Ina so in haɗa guda ɗaya tawa, in ɗauke ki mu hau dutsen Ɗa'if, ki ji abin da na ji." Na ce masa ni ko a bas zan iya zuwa Ɗa'if. Har yau ban je ba.

Kuɗin gida a hannuna yake, don haka shirin nasa ma ta hannuna ya bi. Ya kawo gwangwanayen madara uku, ya jera a saman kabad. Na farko na injin ne. Na biyu na 'yan rakiya, haka ya kira su: giyar mota, babban lagireto, abin sanyaya baƙin mai, salansa, wayoyi, ƙafafun da za a yi wa walda don injin ya zauna a motar da ba tasa ba, da takardar izinin canja inji. Na uku ya ce sunansa "ban sani ba".

Na ce, "Wane irin suna ne wannan?"

Ya ce, "Shi ne babban. Samari suna tara kuɗin inji su saya, su ɗauka sun gama. Injin shi ne mai sauƙi. Wannan yana da zafi, garin nan ma yana da zafi, in ba ki kashe wa sanyaya shi ba, wata ɗaya ya ƙone. Kuma duk abin da kika buɗe, sai kin tarar da wani a bayansa da ba ki yi zato ba."

Duk ƙarshen wata sai ya miƙo mini abin da ya samu, in cire na abinci da na haya da na sabunta iƙama, abin da ya rage in raba uku. Ya hana a sayi ko noti ɗaya na aikin kafin gwangwaninsa ya cika. Ya kuma hana a ɗebi na wannan a zuba a wancan. Ni kuwa ban taɓa sa kuɗin nan ba tare da na yi magana ba. Nakan ce masa tsofaffi sa'anninsa suna gina gida a Madani, can Sudan, shi yana kiwon ƙarfe. Sai ya ce, "To, Hajiya, an ji," ya ci gaba da shan shayinsa.

Shekarar da gwangwani na ukun ya kusa cika, yanar ido ta rufe mini gani. Ina zuba gishiri a shayi, ina gaishe da labule. Ban faɗa wa kowa ba, amma ya lura. Wata safiya na ji ƙarar gwangwani a kan tabarma, ya juye shi kaf.

Na ce, "Yaya, kai ka ce ba a taɓawa."

Ya ce, "Sunansa ban sani ba. Na san idonki zai yi haka? Yalla, ɗauko mayafinki."

Aka yi mini aiki ido biyu. Shirinsa ya koma baya shekara biyu cur, bai taɓa ambata ba, ko da muna faɗa. Da idon nan nake ganin komai yau, har da abin da ba na son gani.

Rigimarsa mafi girma da ɗansa a kan buɗe ƙofa aka yi ta. A jikin faranti na ƙarfe da ke cikin injin akwai ramuka da iska da fetur ke shiga, su ake ce wa ƙofa. In aka faɗaɗa su, injin ya ƙara shaƙa, ya ƙara ƙarfi. Ɗan ya ga wani aiki a wayarsa, inda ake yanka ƙofa ta biyu a bar siririyar gada tsakani, motar tana tsaye tana ƙugi kamar ana buga ganga. Ya zo da zumuɗi.

"Ya Baba, wannan za mu yi. Duk masu yawo a Kurnish, bakin teku, sai sun juyo."

Yaya ya ce, "Su juyo, 'yan sanda ma su juyo. Ta sha mai kamar rijiya, shekara biyu haƙoranta su zube. Ni ƙaramar buɗewa zan yi, ta titi, wadda gwaggonka za ta zauna a ciki ba ta toshe kunne ba."

"To me ya sa ake wahalar, in ba za a kai ƙarshe ba?"

"Ƙarfen da ka cire ba ya komawa. Ka zarce kaɗan ka huda hanyar ruwa, ko haƙori ya faɗa ramin. Halas, shi ke nan, farantin ya zama shara."

Ɗan ya ce tsoro ne. Wata guda Yaya bai ci abinci kwano ɗaya da shi ba. Ya yanka kwali daidai girman da yake so, ya ɗora a farantin, ya zana. Da wani ɗan injin gogewa mai kai kamar ƙwallon dabino ya yi aikin, kullum da hantsi, lokacin da haske ke shigowa rumfar. Ya goga kaɗan, ya tsaya, ya sa yatsa ya shafa, ya rufe ido. Mako shida yana kan ramukan da ba su fi tafin jariri ba. Na kalle shi ta tagar kicin duk tsawon lokacin, hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ku riƙe wannan. Ya gama, ya sa sabbin haƙora, ya haɗa injin, ya kama sifana ya juya shi a gabana yana cewa in saurari numfashinsa. Abin da ya rage lagireto ne da takarda.

Kafin su samu, injin zai zauna, kuma iskar garin nan gishiri ce. Ko allura ka bari a taga sai ta yi ja. Don haka duk Juma'a in ya dawo masallaci, kafin ya ci komai, sai ya kwance fulogi biyu na ƙasa, ya zuba baƙin mai cokali ɗaya a kowane rami, ya sa babbar sifana a notin gaba ya juya sau uku. Ya ce sai an juya uku ƙarfen ciki ke zagayawa ɗaya, man ya taɓa ko'ina. Ramukan shan iska ya toshe su da tsummoki masu mai. Ya rufe injin da tsohon zanen gado kawai, ba ya ɗaurewa. Cokalin ma nawa ne na shayi ya sace, mun yi faɗa a kansa.

Sai ciwo ya zo. Aka kwantar da shi asibiti, daga nan aka mai da shi gidan 'yarsa don ya fi kusa da likita. Wata huɗu bai taka gidan nan ba. Ranar da za a tafi da shi, yana jingine da ƙofar mota, ya kira ni.

"Hajiya, Juma'a. Cokali ɗaya-ɗaya, juyi uku. Kin sha gani."

Na ce, "Na ji. Ka kula da kanka, ka bar zancen ƙarfe."

Juma'ar farko na je rumfar. Na ga ƙura, na ga tsummoki baƙi ƙirin suna wari, na ga zanen gado duk mai. 'Yan dubiya kuma suna ta zuwa gidan suna leƙa ko'ina. Na ce a raina wannan ƙazantar maza ce, mutum ya kashe dukiyarsa a kan abu ya bar shi haka. Na zare tsummokan na zubar. Na jawo tiyo, na sa garin sabulu, na wanke injin tas kamar yadda nake wanke tukunyar biki. Na samo leda mai kauri na naɗe shi, na ɗaure da igiya gam, yadda ko ƙura ba za ta shiga ba. Da na gama har daɗi na ji. Man kuwa ban zuba ba. Na ce abin da aka rufe haka me zai same shi, kuma ni ba zan tsufa ina wasa da sifana ba.

Duk Juma'a da yamma nake zuwa duba shi. Duk Juma'a, bayan ya tambayi gida, sai ya ce, "Kin juya?"

In ce, "Na juya."

"Da nauyi?"

"Ba nauyi."

Sai ya gyaɗa kai ya lumshe ido. Sau goma sha wani abu na faɗa masa haka. Ni da na yi suna a layin nan da cewa ba na ƙarya, ni da na kori mai kawo mana ruwa don ya ce ya zo bai zo ba. Juma'ar ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa, sai da na sunkuya. Ya ce, "Da na bar wa yaron, da ya manta. Shi ya sa na bar miki." Ranar Talata ya cika. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ya yafe mini.

To, mu koma ranar uku. Da dariyar ta lafa, aminin nasa mai walda ya miƙe ya ce, "Ku zo mu gaishe da baƙon. In ga aikin nan da ya hana ni gani." Maza suka zagaya baya, har kafilin aka tura. Na bi su na tsaya a bakin kicin.

Da aminin ya ga ledar sai ya tsaya. Ya kwance igiyar. Ruwa ya gangaro daga cikin ledar ya zuba a kan takalminsa. Jikin ƙarfen ya yi ja-ja. Ya ɗauko sifanar ya sa a notin, ya danna. Shiru. Ya gyara tsayuwa ya sake dannawa. Ɗan ya ce a ba shi, ya kama zai hau da ƙarfi, aminin ya riƙe masa hannu ya ce, "Za ka karya haƙoran."

Surukin ya ce, "Wata huɗu kawai? Ai da ana juya shi."

Ƙanwarmu daga bayana ta ce, "Ana juyawa mana. Yaya Hajiya ce ke yi duk Juma'a, a gabana yake tambayarta."

Ɗan ya ajiye sifanar. Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa ma da hawaye. Ya ce, "To daga ciki ne. Baba ya tsufa, ya jama'a. Ya huda hanyar ruwa wurin gogewar nan bai sani ba, ko ya haɗa ba daidai ba. Na ce masa ya kai wa masu na'ura. Halas, gobe in kira 'yan tashlih su auna shi." Tashlih su ne masu sayen mushen mota.

Kafilin ya girgiza kai ya ce kowane gwani da ranar da hannunsa ke gajiya. Liman ya ce Allah ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan. Na ga magana tana zama. Gobe a warsha za a ce tsohon nan ya kashe shekaru yana tara kuɗi, ya lalata injin da hannunsa. Da na yi shiru, da shi ke nan, babu wanda zai sani har abada.

Na fito tsakiyarsu, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Hannun Yaya bai gaji ba. Ina kallonsa mako shida. Ni ce. Na cire tsummokan, na sa masa tiyo, na ɗaure shi a leda. Ban zuba mai ba, ban juya ba, ko sau ɗaya."

Ɗan ya ce, "Gwaggo, amma kin ce masa..."

"Na ce masa. Ƙarya na yi masa, har ya rasu."

Ba wanda ya kalle ni, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Ƙanwarmu ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe. Aminin ya haska ramin shan iskar da wayar surukin, ya sa yatsa ya shafa gefen da Yaya ya goge, ya daɗe. Sannan ya kamo hannun ɗan ya sa masa yatsa a wurin. Ya ce, "Ji nan. Ko ƙarƙashin tsatsar sumul yake. Na'ura ba ta fi wannan ba." Ɗan ya shafa, ya sake shafawa, ya juya mana baya kafaɗunsa suna rawa.

Na tambayi aminin ko zai tashi. Ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki alkawari ba. Ruwa ya kwana a ciki, haƙoran sun manne. A riƙa jiƙa shi da mai kullum, a taɓa sifanar a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Wani yakan saki. Wani sai an farke shi duka, kuma abin da za a tarar Allah ne ya sani."

Na ce wa ɗan, "Gadonka ne, ba nawa ba. Amma ina roƙonka kada 'yan tashlih su shigo gidan nan ina da rai." Ya ce to, bai juyo ba.

Wannan shi ne yayana. Ya juye gwangwaninsa don in gani, ni kuma na kasa ba shi cokali biyu na mai. Duk wanda ya ji an ce injinsa ya ƙi juyawa, ya san daga inda abin ya fito.

Washegari da rana ta fito na yayyaga ledar na kai bola. Na tsaga tsohuwar rigarsa ta aiki, na jiƙa da mai, na toshe ramukan. Na kwance fulogi biyun, sai da na yi kusan rabin sa'a don hannuna bai saba ba. Cokalin yana nan inda ya bar shi, a rataye da ƙusa. Na zuba ɗaya a nan, ɗaya a can. Na sa sifanar, na jingina a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Bai motsa ba.

Na ce, "Yaya, da nauyi."

Na rufe shi da zanen gado ban ɗaure ba, na mai da cokalin kan ƙusarsa, na shiga na ɗora ruwan shayi.